Manhajar nazarin cuɗanya: wacce za ka saka a kwamfutarka?

Duk ɗalibin da ke binciken yadda cuta ko jita-jita ke yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, in ya tambaye ni manhajar da zai fara da ita, NetLogo nake ce masa. Uri Wilensky ne ya fitar da ita a 1999, jami'ar Northwestern ta Amurka ke kula da ita, kuma kyauta ce. Kowane ɗan abu da ke motsi a cikinta sunansa kunkuru. Sai ka ba kunkuran doka biyu ko uku, ka danna maɓalli, ka zuba ido. Akwai misalin da ta zo da shi, na ƙa'idar Barabási da Albert ta 1999, inda sabon shiga ya fi son haɗa igiya da wanda ya riga ya tara jama'a. Kowane ɗigo mutum ne, igiya kuma alaƙarsa da wani. Kana kallo sai ka ga 'yan ɗigo kaɗan sun kwashe yawancin igiyoyin, sauran suna raɓe a gefe. Abin da na yi wata guda ina fama da shi a takarda, a nan na gane shi kafin shayina ya huce.

Gephi ta iya zane mai kyau, amma in bayananka sun yi yawa, ƙaramar kwamfuta sai ta sandare. Wanda ya iya Python, harshen rubuta manhaja, ya ɗauki NetworkX, in ɗigonsa sun kai miliyoyi ya koma igraph, ta fi sauri. UCINET kuwa ta kuɗi ce, kuma don Windows aka yi ta.

Inda na fi jan kunne shi ne jabu. Na taɓa biyan kuɗi a wani shago aka zuba mini manhajar lissafi ta MATLAB, ta sata, saura mako biyu in kare bincikena. Ashe da ƙwayar cuta ta zo. Duk fayilolin da ke filashina suka ɓace, sai da na sake buga babi guda daga takardun hannu. Akwai kuma masu sayar maka da Gephi ko NetLogo a filashi, alhali ko kwabo masu su ba sa karɓa. Ka sauke da kanka daga shafinsu. Mafi muni su ne masu cewa kawo bayananka su yi maka komai. Za su miƙo maka zane mai launi kamar atamfa, ranar kare bincike malami ya nuna babban ɗigon tsakiya ya ce da wane ma'auni ya fi sauran girma, ka tsaya kana kallon silin.