Fistin ya fashe a injin jirgin ruwa mai sufacaja: wane gyara ya dace ka saya?

Kafin ka tambayi kuɗin komai, ɗauki fistin ɗin da bakanike ya ciro ka dube shi a hasken rana. Idan gefen samansa ya yi ƙuraje kamar an watsa masa yashi, ko bakin da ke riƙe da ringi na farko ya ɓalle, mai ne yake fashewa a silinda maimakon ya ci da wuta a hankali. Idan rami ne ya narke a tsakiya, wuta ce take tashi tun fulogi bai ba ta ba. Idan kuwa sandar fistin ce ta lanƙwashe, injin ya sha ruwa. Da wuya fistin ya mutu don kansa, galibi kashe shi ake yi: nozul mai fesa mai ya toshe, famfon mai ya gaji, fetur mai ƙarancin okten (ma'aunin jure matsi ba tare da fashewa ba), ko na'urar sanyaya iskar da ke shiga inji ta cushe da gishiri da yashi. Injin jirgi kuma ba ya samun gangara ya huta kamar na mota, kullum yana cikin ja, ga sufacaja, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, tana dura masa iska. Duk abin da ka saya, in ba ka gano mai laifin ba, sabon ma haka zai ƙare.

Zaɓi na farko, mafi arha, shi ne a canza fistin ɗaya. Ina yarda da wannan ne kawai idan dalilin ya tsaya a silinda guda, misali nozul ɗaya da aka gwada aka kama shi, kuma bangon silindar ba shi da zanen da farce zai maƙale a ciki. In fetur ne ko zafin iska, sauran fistin ɗin ma sun sha irin dukan, lokacinsu ne bai yi ba.

Na biyu, a sauke injin gaba ɗaya a sake ɗaura shi, kuma nan ne zaɓi ya fi yawa. Fistin na zubi yana da arha da shiru, amma gautsi gare shi, fashewar mai kaɗan sai ya tsage. Na ƙira, wanda aka matse da ƙarfi, ya fi juriya, kuma iri biyu za a nuna maka. Lambobinsu na nuna irin haɗin alminiyon da aka yi su da shi. Mai lamba 4032 yana da sinadarin silikon kusan kashi 12 cikin ɗari, ba ya kumbura sosai da zafi, ya dace da mai hawa jirgi don yawo a kan ƙarfin da kamfani ya saita. Mai lamba 2618 kusan ba silikon, yana jure duka fiye da wancan, sai dai yana son sarari babba, za ka ji yana ɗan ƙwanƙwasa kafin inji ya yi ɗumi, kuma ya fi saurin cinyewa. Wanda ya ƙara wa sufacajarsa matsi, wannan ne nasa.

Ka tambayi mai gyaran nawa zai bar tazarar bakin ringi da sararin fistin. Injin da ruwan tafki ko teku ke sanyaya shi kai tsaye, bangonsa na zama da sanyi alhali fistin yana tafasa, don haka awon mota ba ya yi masa. Ringin da bakinsa ya haɗu saboda zafi shi ke ɓalle kan fistin. In mai gyaran ya tsaya yana sosa ƙeya, ɗauki injinka ka yi gaba.

Ka kuma san irin silindarka. Ta ƙarfe irin ta manyan injinan V8 ana gurje ta a ƙara faɗi, sau da yawa da inci 0.030. Amma injin Rotax 1630 na jiragen ruwan Sea-Doo shafen filasma ne a bangonsa, wato siririn shafin ƙarfe da aka fesa, ba a gurzarsa haka kawai, sai dai a sa hannun riga, wato bututun ƙarfe da ake zurawa cikin silinda, ko a canza bulok, gangar jikin injin.

Na uku, sayen ƙasan inji (bulok da fistin da kiranshaf a haɗe) ko cikakken inji da kamfani ya sabunta. Yana da sauri, kuma shi ne mafita idan sanda ta huda bulok. Karanta takardar garanti da kyau, wasu suna soke ta da zarar an ɗora sufacajar da ba ta asali ba. Tabbatar kuma na jirgi ne, domin kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) na mota yana iya jawo ruwa daga salansa ya koma cikin silinda.

Injin na hannu kuwa caca ne. Kada ka biya sai an gwada matsin kowace silinda a gabanka, an kuma leƙa ciki da kyamara ta ramin fulogi.

Ni dai, in bulok da kiranshaf suna da lafiya, zaɓi na biyu, wato sake ɗaura injin gaba ɗaya, nake ɗauka. Ko wanne ka ɗauka, sa kuɗin sabuwar na'urar sanyaya baƙin mai a lissafi, don ɓurɓushin ƙarfe na laɓewa a cikinta, wanki ba ya fitar da shi duka. Sufacajar ma a buɗe ta a duba, a kai nozul gwaji, sannan ranar farko a kan ruwa a hau da na'urar auna haɗin iska da mai.