Yaya, a Indiya kallon tsuntsu ma sana'a ce mai ci da gida

Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya su Umma, ya zafi? Na san yanzu Haɗeja ta ɗau wuta, Allah ya kawo damina lafiya. Ka ce in daina turo hotuna babu bayani, to ga bayanin tafiyarmu gindin tsaunukan Himalaya, zai ɗan yi tsawo don akwai abin da ya tsaya min a rai.

Wani abokin aikina ne ya ja ni, shi da ma kallon tsuntsaye ne abin da yake yi da hutunsa. Jihar Uttarakhand muka je, wajen garin Nainital, akwai wasu wurare biyu Sattal da Pangot da masu wannan harka ke tururuwa a Maris da Afrilu, lokacin sanyi ya fara sassautawa, tsuntsaye sun shiga kukan neman abokan ƙwai, ga wata bishiya da suke kira buransh ta fitar da jan fure duk ta rufe gangaren dutse, har lemo suke yi da furen suna sayarwa a kwalba.

Jirgin ƙasa muka hau daga Delhi wajen ƙarfe shida na safe, kafin azahar mun sauka Kathgodam, nan layin dogon ya ƙare. Tikiti a waya na saya, kujerata da lambarta na jirana, aka kawo shayi da karin kumallo har inda nake zaune. Daga nan sai mota, hanya siririya mai kwana-kwana, dutse a dama rami a hagu, direban kuma hon kawai yake dannawa yana shan kwana.

Masauki a Pangot gidan wasu mutanen ƙauyen ne suka ware ɗakuna suna karɓar baƙi. Ba wani ƙyale-ƙyale, gado ne da barguna masu nauyi da ruwan zafi, don wurin ya kai wajen mita 2,000 sama da teku, da dare haƙoranka har kaɗawa suke. Amma sun san me baƙonsu ya zo yi. Tun kafin asuba an buga ƙofa da shayi, an naɗe maka karin kumallo a takarda don sun san ba za ka dawo ba sai rana ta take. Tunda ni baƙon ƙasa ne sai da suka ɗauki bayanan fasfo da biza suka cike fom na hukuma, doka ce ko ina ka kwana. Biyan kuɗi kuwa ko mai shayin bakin hanya da kofinsa na rupi 20 ya liƙa ɗan hoton nan da ake ɗora waya a kai, kafin ka ajiye kofi kuɗi sun shiga, ba zancen canji.

Wanda ya fi burge ni yaron da ya yi mana jagora ne. Ɗan ƙauyen ne, karatunsa bai yi nisa ba, amma muna tafiya a dajin sai ya ɗaga hannu mu tsaya, ya ce ku ji wancan kukan, ya faɗi sunan tsuntsun da Turanci da yarensu, ya nuna reshen da zai sauka, wallahi kuma sai ka ga ya sauka. Ya nuna mana kalij, wani kamar zakara mai tukku da jar fuska yana tonon ganye a gefen hanya, da wani shuɗi mai jan baki wanda jelarsa ta fi jikinsa tsawo, da masu ƙwanƙwasar itace kala-kala. Wanda ake kira cheer shi ne kowa ke so, a gangaren ciyawa yake ɓuya, muka daɗe a tsaye cikin iska yaron na dube dutsen ɗaya bayan ɗaya har ya gano mana shi. Monal mai sheƙi, tsuntsun da jihar ke tinƙaho da shi, ya ce sai an hau sama sosai. Kuɗin wuninsa ya fi kuɗin ɗakina, kuma ban ji ciwon biya ba. Duk abin da muka gani yana shigar da shi manhajar eBird, gobe wani daga wata ƙasa ya duba ya ga me ake samu a wurin, ya yi shiri ya taho.

Kayan aiki kuma, madubin hangen nesa mai lamba 8x42 shi ne daidai da daji, na yi odarsa ta intanet aka kawo min har ƙofa. Kyamara da dogon gilashinta dai ko a nan ta masu hali ce. Rigunan sanyi da araha a kasuwar 'yan Tibet da ke bakin tafkin Nainital, amma sai ka iya ciniki.

Kar ka ce komai nasu daidai ne. Abinci wake da shinkafa da gurasa ne safe da yamma, nama kuwa na haƙura tunda ban san yankan ba, masallaci sai ka sauko Nainital. Ƙarshen mako motocin 'yan Delhi na toshe hanya ka yi awanni a tsaye. A gandun dajin Corbett da ke ƙasa kuɗin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa. Ga kallo, baƙar fata a ƙauyen dutse kowa sai ya juyo, wasu har su nemi hoto. Kuma akwai masu kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito a ɗauke shi, a lokacin da yake kan ƙwai, wannan cutarwa ce, jagoranmu ma ya ƙi yi.

Da muka hango ungulaye na shawagi ya ba ni labarin yadda suka kusa ƙarewa a Indiya saboda maganin diclofenac da ake yi wa shanu, in sun ci mushen sai ƙodarsu ta mutu, har aka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Yaya, yaushe rabonka da ganin ungulu a mayanka? Mu namu 'yan tsibbu ne ke saye.

Na san za ka ce mu da jan baki ke cinye wa shinkafa ina mu ina kallon tsuntsu, kuma kana da gaskiya. Amma fadamar Haɗeja zuwa Nguru tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a cikinta, ga Dagona matattarar tsuntsayen ruwa, ga ɗinya da kirinjijiya da zalɓe, abin da mutanen nan ke biyan kuɗin jirgi su gani. Yaranmu masu danko da masunta sun san kukan kowanne da inda yake kwana, ba abin da wannan yaron ya fi su sai madubi da waya da baƙon da zai biya. A Jos ma akwai cibiyar APLORI da ke koyar da ilimin tsuntsaye. Abin da muka rasa hanya ce da tsaro da ɗaki mai tsafta, da wanda zai yaƙi ciyawar kachalar da ta toshe ruwan.

Zan sayi madubi na biyu in bayar a kawo ta hannun masu dawowa daga asibiti. Ka ba autanmu, ka ce ya fara rubuta sunan duk tsuntsun da ya gani a fadama da ranar da ya gan shi, ya turo min. A gaida Umma da su Anti.