Kan giyar mota: na murɗi ko na fizga?

Kafin ka kama kan giya da ƙarfi, fara sanin yadda aka ɗaura shi, don iri biyu ne a yawancin motoci masu kulochi.

Na murɗi shi ne na galibin motocin Japan. Ka riƙe shi da kyau, ka juya hagu kamar murfin kwalba, sai ya fito. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen sayen sabo, domin bakin ba ɗaya ba ne: Toyota yawanci M12x1.25 (wato kaurin sandar milimita 12, tazarar zarenta milimita 1.25), Honda M10x1.5, Mazda da Nissan da dama M10x1.25. Ka tilasta wanda bai dace ba, ka cinye zaren sandar giyar, aikin minti biyar ya koma na bakanike. Tafi da tsohon kan zuwa kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano a gwada maka, ya fi gardama da mai shago.

Na fizga kuwa ya fi yawa a motocin Turai. A Peugeot 406 ko BMW sama ake ja da hannu biyu. Kauce da fuskarka, in ya saki lokaci ɗaya haɓa yake nema. Golf ta fi wuya, akwai zoben ƙarfe a ƙarƙashin fatar da ke rufe sandar giyar, sai an buɗe shi da filaya, a matse sabo bayan an gama.

A ganina na murɗi ya fi daɗin aikin gida. Na fizga, roban cikinsa na tsufa ya karye, sai kan ya riƙa girgiza ko ya tsinko a hannunka kana neman ribas.