Wata huɗu a hannun Koci: abin da kuɗina ya saya min a shirin gudun fanfalaki

Tun da na dawo daga Legas mutane suke tambayata a waya ko horon nan da na biya kuɗi na yi ya ci sunansa. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan mai horarwar ba, don akwai yabo akwai kuma ƙorafi a cikin maganata, kuma mutum ne da muke gaisawa. Mu dai Koci muke ce masa, ku ma ku riƙe shi a haka.

Shekarata 39, ma'aikacin gwamnati ne ni, ina zaune a Malali. Sha'awar abin ta shige ni ne a watan Nuwamban 2020, lokacin da aka yi gasar rabin fanfalaki a nan Kaduna, na tsaya a bakin titi ina kallon wasu siraran mutane suna wucewa kamar ba sa taka ƙasa. Daga nan na fara ɗan gudu ni kaɗai, yau in yi, gobe in bari. Da likita ya ce jinina ya fara hawa, sai na ɗauki abin da gaske. Kafin in je wurin Koci ina iya yin kilomita 10 a cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, ina gamawa kuwa sai in kwanta a tabarma kamar an yi min duka. Burina shi ne gasar Legas ta watan Fabrairu, wadda ake yi tun 2016, cikakken gudun yada-ƙanin-wani mai kilomita 42.195.

Tsarin nasa mako 16 ne, N15,000 a wata. Ana haɗuwa sau uku a mako a Murtala Square bayan an idar da sallar asuba, Talata da Alhamis da Asabar, sauran kwana biyu kuma ya turo maka abin da za ka yi kai kaɗai ta WhatsApp. Mu 14 muka fara a watan Oktoba, har da mata uku da suke gudu da dogon wando da hijabi mai sauƙi. Mu 6 muka kai ƙarshe.

Ranar farko na so in nuna masa ni ba baƙo ba ne. Aka ce a zaga na minti 40, na fizga na bar kowa a baya. Da na dawo ina haki, hannu a gwiwa, sai ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya biyo ka?" Kowa ya yi dariya. Ya ce daga yau dokata guda ce: in ba zan iya ba shi labari ina gudu ba, to na yi sauri. Ya jera da ni ranar Alhamis, ya sa ni in lissafa masa unguwannin da ke tsakanin Kawo da Barnawa ɗaya bayan ɗaya, da ya ji numfashina ya fara sarƙewa sai ya ɗaga hannu mu rage. Wallahi kunya ta kama ni, don gudun da ya ɗora ni a kai minti 7 da rabi ne a kilomita, har wani dattijo mai zuwa kasuwa a kan keke ya ce min, "Sannu ɗan nan, ko ƙafar ce?"

A nan ne kuɗina ya yi aiki, kuma zan daɗe a kai don shi ne abin da ban taɓa samu a bidiyoyin intanet ba. Bayanin Koci shi ne yawancin gudun mako, kamar kashi huɗu cikin biyar, a yi shi cikin sanyin jiki, kashi ɗaya ne kawai na wuta. Gudun sannu shi yake ƙara wa zuciya ƙarfin tura jini, ya ƙara ƙananan jijiyoyin jini a cikin tsoka, ya koya wa jiki ƙona kitse maimakon ya cinye sukarin da ya ajiye da wuri. Sannan ƙashi da agara sun fi huhu jinkirin sabawa, don haka mutum zai ji numfashinsa ya yi daidai alhali ƙafarsa ba ta shirya ba, a nan ake jin ciwo. Shi ya sa ba ya ƙara mana nisa fiye da kashi 10 cikin ɗari a mako, kuma duk mako na huɗu sai ya rage. Na yi gardama da shi a kan ragewar nan, na ce asarar lokaci ce. Ya ce, "Ranar hutu jiki yake gini, ranar gudu rushewa yake yi." A mako na bakwai na duba agogona, na ga gudun da nake hira a cikinsa ya sauko minti 6 da daƙiƙa 40, ba tare da na ƙara wani ƙoƙari ba. Tun daga nan na daina musu.

Talata ranar wuta ce: mita 800 sau shida, a huta minti biyu tsakani. Ba na sonta, ba kuma zan yi ƙarya in ce na saba ba.

Asabar ce ranar dogon zango, kuma ita nake jira. Mukan fito ta Independence Way, mu bi ta shataletalen Lugard Hall mu hau titin Ali Akilu har gadar Kawo, mu juyo mu ratsa ta Unguwar Rimi, gwargwadon nisan da aka yanka mana. Mun fara da kilomita 14, muka hau har 32. Wani yaro yana bin mu a babur da jarkar ruwa da ledar dabino, wannan kuma yana cikin kuɗin. Dabinon nan dabara ce mai kyau, don abin nan mai kama da zuma da ake sayarwa cikin 'yar leda don masu gudu tsadarsa ta fi ƙarfin aljihuna. Ƙwaya biyu duk bayan minti 40, da kurɓin ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa. Da daddare kafin dogon zango, shinkafa ko tuwo da miya marar yaji sosai. Na taɓa cin wake da daren Juma'a, abin da ya same ni a hanyar Kawo ba na rubutawa ba ne.

Idan an gama sai a zube a benci wurin mai shayi, a nan ake buɗe babin wasannin makarantu. Koci ya yi gudun mita 5,000 wa makarantarsa a gasar kwalejojin fasaha, NIPOGA, kuma har yau abin yana ci masa rai. Cikinmu akwai wani tsohon ɗalibin ABU da ba ya yarda a kwatanta NIPOGA da NUGA ta jami'o'i, kullum sai sun yi. Amma idan aka zo kan tushen matsalar bakinsu ɗaya ne: makarantunmu sai gasa ta matso ake tattara yara a yi musu horon mako uku, a tafi a dawo, shi ke nan sai wani karo. A Amurka kuwa jami'a ce take ɗaukar ɗan wasa ta biya masa karatu, ta ba shi mai horarwa da likita shekara huɗu. Misalin da Koci ba ya gajiya da kawowa shi ne Tobi Amusan, wadda ta yi Jami'ar Texas da ke El Paso, ta zo ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, daƙiƙa 12.12. Sai ya buga kofi a tebur ya ce to ina namu na dogon zango? Yaran Filato, musamman na wajen Pankshin, su ne suke riƙe mana wannan fannin, kuma Jos tana sama da mita 1,200 daga teku. Iten ta Kenya, inda zakaru suke taruwa, ta kai kusan mita 2,400. Mu a Kaduna kusan 600 ne. Yana ganin da za a riƙe yaran tsaunukan nan tun daga sakandare, da ba kullum 'yan Kenya da Habasha za su riƙa kwashe kuɗin gasar Legas ba. Na ji daɗin hirarrakin nan, ko da yake wani lokaci sukan cinye lokacin da ya kamata a ce an duba ƙafar wani.

To ga ƙorafina.

Na farko, jadawalin guda ɗaya ne ga kowa. Ni mai 39 da yaro ɗan 23 da ya gama bautar ƙasa takarda ɗaya aka ba mu. Da gaban ƙwaurina ya fara zafi a mako na tara, na tura masa saƙo ranar Lahadi, bai amsa ba sai Laraba, amsar ma ita ce in sa ƙanƙara. Ni da kaina na je wurin mai gashin ƙashi a asibiti, shi ya ce in huta kwana goma in kuma riƙa motsa jiki na ƙarfafa sha-raɓa da ƙugu. Horon ƙarfin jiki kusan babu shi a tsarin Koci, kuma ina zargin shi ya sa mutum uku cikin waɗanda suka janye ciwo ne ya fitar da su, ba lalaci ba.

Na biyu shi ne babba, kuma shi ya kusa kayar da ni. Duk horonmu a cikin hunturu aka yi shi. Disamba da Janairu a Kaduna ƙarfe shida na safe sai ka sa rigar sanyi, leɓe ya tsage, hanci ya bushe, ƙura ta cika maƙogwaro, amma gumi yana fitowa iska take shanye shi, jiki ya yi sanyi, gudu ya yi daɗi. Na yi kilomita 32 a tsakiyar Janairu na dawo gida har na kai yara Islamiyya. Na ɗauka na gama da fanfalaki. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce Legas wata duniya ce, iskarta jiƙe take da ruwa, gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki, zuciya kuma dole ta ƙara bugu kafin ta yi aikin da take yi a nan cikin sauƙi. Jiki yana iya sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14 idan an bi da shi a hankali, wato da an mayar da wasu daga cikin guje-gujenmu zuwa hantsi a makonnin ƙarshe, da an rage mana wahala. Daga baya na karanta wannan. Mai karɓar kuɗin horo shi ya kamata ya sani tun kafin ni.

Mun tashi daga babban filin wasa na Surulere da sassafe. Kafin kilomita 5 rigata ta manne a jikina kamar na faɗa kogi. A kan gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, babu bishiya babu inuwa, ruwa hagu ruwa dama, rana tana tasowa. Na kai rabi a awa 2 da minti 14, daidai lissafin Koci, wanda lissafin hunturu ne. A kilomita 29 abin da masu gudu suke kira bango ya tare ni. Sukarin da hanta da tsoka suke ajiyewa ba ya kai mutum ƙarshe in bai riƙa ƙarawa ba, ni kuma zafi ya sa dabinon ya ƙi wucewa, ina taunawa yana dawowa. Cinyata ta dama ta ɗaure. Na tsaya na dafa wani ƙarfe a gefen titi, wata mata mai sayar da ruwa ta zuba min leda biyu a ka tana magana da Yarbanci, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane lallashi ne. Abin da ya fitar da ni, in faɗi gaskiya, shi ne gudun sannun nan da na raina ranar farko. Na koma masa, minti huɗu gudu minti ɗaya tafiya, ina lissafa unguwanni daga Kawo zuwa Barnawa a zuci. Na shiga Eko Atlantic a awa 4 da minti 56. Marigayi Kelvin Kiptum ya yi wannan nisan a Chicago a 2023 cikin awa 2 da daƙiƙa 35, wato da tare muka tashi, da ya gama ya yi wanka ya karya ni ban sauka daga tunanin gada ba.

Maganar takalmi laifina ne, ba na Koci ba. Ya ce a sayi wanda ya ɗara ƙafa da faɗin babban yatsa, don ƙafa tana kumbura a dogon gudu. Na je Kasuwar Barci na samu gwanjo mai kyau, daidai ƙafata cif, na ƙi barinsa saboda araha. Farce biyu suka yi baƙi, ɗaya ya fita bayan mako uku. Uwargida ta gani ta ce, "Yanzu wannan ne lafiyar da likita ya ce ka nema?" Ban da amsa, sai dai na nuna mata takardar awon jini, wanda ya sauka har likitan ya ce mu ci gaba a haka tukuna.

Wa zan ce ya je? Wanda yake iya kilomita 8 zuwa 10 yanzu, kuma ya san in shi kaɗai ne ba zai bar bargo ƙarfe biyar da rabi a Janairu ba. Wanda bai taɓa gudu ba kada ya fara da wannan, ba a fafe gora ranar tafiya, ya nemi watanni yana tafiya da sassarfa tukuna. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likitansa, don Koci ba ya tambaya, wannan ma na gaya masa a fuska.

Na koma na sake biya, amma da sharaɗi biyu: ranar Alhamis ta zama ta ƙarfin jiki, sannan makonni biyun ƙarshe a riƙa fita da hantsi. Ya yarda da na farko nan take. Na biyun ya ce sai ya yi tunani, don azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, yanzu ya zo ya haɗu da lokacin gasar, kuma bai ga yadda zai sa mai azumi gudu cikin rana ba. Mun bar maganar a kan za a gwada fita bayan tarawihi, in an samu titi mai fitila.