Teburin wasan labari na Lopere: wa ya kashe Waziri, kuma ko kujerar ta ci kuɗinta

Masu ta turo min vokal, wato saƙon murya, wai wane irin wasa ne muke yi daren Asabar a shagon fotokopin nan na unguwar Lopere a Garwa har mu kai sha ɗaya ana musu kamar ana rabon gado, toh ga amsa gaba ɗaya. A taƙaice wurin ya yi, kuɗin bai tafi a banza ba, amma akwai abubuwan da sai mai shagon ya gyara in yana so mutane su daɗe da shi, zan faɗe su duka ba ɓoye-ɓoye.

Wasan dai Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, yanzu kamfanin Wizards of the Coast ne ke riƙe da shi. Ba allo ba manet ɗin wasan bidiyo ba komai, baki ne da takarda da fensir da dais. Mutum ɗaya ne jagora, mu Metir muke ce masa, shi ke riƙe da duniyar gaba ɗaya, shi ne sarki shi ne ɓarawo shi ne tsohuwar da ke sayar da ƙosai a ƙofar fada, sauran 'yan wasa kuma kowa da mutum guda da yake takawa. Ka faɗi abin da mutuminka zai yi, in abin yana da wuya sai ka jefa dais mai fuska 20 ka haɗa da lambar gwanintarka, in ka kai adadin da Metir ya yanke ka ci, 10 mai sauƙi ne, 15 tsaka-tsaki, 20 mai wuya. Metir ɗinmu, wanda shi ne mai shagon, dokokin bugun 2014 yake amfani da su, an fitar da sabon gyara a 2024 amma ya ce shi ba zai canza jirgi a tsakiyar Binuwai ba. Ginshiƙin dokokin kamfanin ya sake shi kyauta kuma akwai na Faransanci, shi ya buga a injinsa ya ɗinke, kun ga amfanin mai shagon fotokopi kenan, takardar ɗan wasa ba ta taɓa yankewa.

Kujera 500 ce ta sefa kowane zama, da shayi a ciki, folere, wato zoɓo, mai sanyi kuma ka saya da kanka a wajen matar da ke gefe. Ana farawa bayan isha'i, wannan na yaba masa sosai don ba a katse wasa ba a kuma sa kowa jinkirta salla. Tebur ɗaya ne dogo, benci biyu, fanka ɗaya. Dais ɗin saiti biyu ne kacal da wani ya taho masa da su daga Yawunde, ni dai ban taɓa ganin irinsu a babbar kasuwa ba, saura muna jefawa a waya.

Yanzu ga abin da ake biyan kuɗin dominsa, wato labarin. Metir bai ɗauko mana garin Turawa mai dusar ƙanƙara ba, birni ya gina mai ganuwa a bakin hanyar fataken gishiri, akwai dodanni da aljanu da masu sihiri yadda wasan ya gada amma fadar tamu ce sak, duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar lamido ranar salla ya ga yadda ake jera manya zai gane wa ke gaba da wa ba sai an masa bayani ba. Sarki ya tsufa yana kwance, yarimomi biyu 'yan uba suna hararar juna, masu zaɓen sarki biyar ne, biyu na nan biyu na can, Waziri ne na biyar kuma bai faɗa wa kowa inda ya karkata ba. Ana gobe za a zauna aka tsinci gawarsa a zaurensa, ƙofa a kulle ta ciki, wuƙar Sarkin Dogarai a bayansa, ƙwaryar fura a gefe an sha rabi. Mu kuma baƙi ne da muka shigo da ayari, Magajiya ƙanwar sarki ta kira mu ta ce tunda ba mu da dangi a garin mu ne kaɗai za ta iya ba wa binciken, kwana bakwai ta ba mu kafin a naɗa wani Wazirin a yi zaɓe.

Abu na farko da ya burge ni, wuƙar nan tarko ce kuma bai ɓoye mana ba, ya bar mu mu gano da kanmu. Wata ɗalibar aikin jinya da ke taka mai magani ita ta tambaya ko rigar ta jiƙe da jini, Metir ya ce ɗan kaɗan ne a bakin raunin, nan take ta buga tebur ta ce ai gawa aka soka, mutumin ya riga ya mutu kafin wuƙar ta shige shi. Bai sa ta jefa dais ba ma, ya ce tambayar ta isa. Daga nan lissafi ya rikice, don ke nan mutum biyu ne aƙalla, wanda ya kashe da wanda ya zo daga baya ya ɗora wa Sarkin Dogarai, kuma ba dole ba ne su san juna.

Duk wanda ya san wasan nan zai ce ai labarin kisa ba ya tsayawa a cikinsa saboda sihiri na warware komai, akwai na tambayar gawa akwai na hana ƙarya, me ya rage. Toh a nan ne na san Metir ya karanta dokokin nan da idon basira. Sihirin tambayar gawa tambaya biyar kawai yake bayarwa, gawar ba ta san komai ba sai abin da ta sani tana da rai, amsarta gajeruwa ce mai harshen damo, ba dole ta faɗa maka gaskiya ba in ta ɗauke ka maƙiyi, kuma in an yi mata sau ɗaya sai bayan kwana 10 za a iya sakewa, mu kuwa bakwai gare mu. Mai sihirin namu yaro ne ɗan lise, wato sakandare, mai zafin kai, kafin a gama shawara ya riga ya ce ranka ya daɗe wa ya kashe ka, Metir ya sauke murya ya ce ban gani ba. Ai gaskiya ne, wanda aka sa wa guba a fura ina zai ga mai sawa. Tambaya ɗaya ta tafi. Ta biyu wa ya kawo furar, ya ce wadda ta saba kawowa. Sai da aka kai ta huɗu wani Alhaji mai sayar da kayan moto, wanda shi ne babba a teburin kuma ba ya yawan magana, ya ce ku tsaya yara, ku tambaye shi wa ya yi niyyar zaɓa. Amsar ita ce ba ɗaya daga cikinsu. Wallahi shagon ya yi tsit, don ma'anarta akwai ɗan takara na uku da ba mu san da shi ba kuma duk yarimomin biyu suna da dalilin kawar da Waziri.

Na hana ƙaryar ya fi ban dariya. Da'ira ce da ta kai wajen mita huɗu da rabi kowane gefe, minti 10 take yi, wanda ya faɗa cikinta ya kasa tsallake jifar dais ba zai iya furta ƙarya da gangan ba, amma ya san an yi masa kuma yana da damar kauce wa amsa. Muka samu Galadima ya shigo ciki, dais ya kayar da shi, muna murna, sai Metir ya ajiye waya a tebur ya kunna agogo ya gyara zama ya zama Galadima. Sannunku da zuwa 'ya'yana, ya hanya, ya gajiya, ya kuka baro mutanen gida, ina mahaifinka yana nan da rai, Allah sarki, a kawo wa baƙi ruwa. Kai ba ka isa ka katse basarake yana gaisuwa ba, wanda ya gwada dogarai suka yi masa tsawa. Minti bakwai suka tafi a gaisuwa, da aka samu aka jefa tambayar ya ce hannuna bai taɓa Waziri ba, kuma ban taɓa shiga zaurensa da dare ba. Duka gaskiya ne kuma ba su wanke shi daga komai ba, tunda basarake ba ya aika kansa.

Siyasar kuma ba ado ba ce, ita ce wasan. Ba wanda ke ba ka labari kyauta, Ma'aji zai nuna maka littafin bashin Waziri in ka yarda ka yage shafi ɗaya, Jakadiya ta san wace kuyanga ce ta dama furar amma sai ka fitar mata da ɗanta daga kurkuku, babban Yarima ya aiko mana da dawakai kyauta ƙarami ya aiko da gargaɗi. Metir yana da wata dabara ta miƙa wa mutum 'yar takarda a ninke a gaban kowa, wani lokaci tayin cin hanci ne wani lokaci ba komai a ciki sai ka yi murmushi kawai, shi kenan an dasa zargi a tebur. Yanzu haka mutum biyu a cikinmu na tabbata sun karɓi kuɗin babban Yarima, suna ta jan bincike zuwa gidan ƙaramin. Ni kuma tun ranar da na lura Magajiya ce ta zaɓi baƙin da ba su san kowa ba, ita ta yanke kwana bakwai, ƙasa da goman da sihirin ke buƙata, hankalina bai kwanta da ita ba.

Toh ga inda ya gaza. Babba a ciki, akwai daren da labarin ya tsaya cak saboda hujja ɗaya ce tak ke kai mu gaba, wata wasiƙa a ƙarƙashin shimfiɗar Waziri, ya ɗaure ta da jifar bincike da sai an kai adadi 15, duk wanda ya jefa ya faɗi, muka kwashe kusan awa biyu muna zagaye gari muna tambayar masu sayar da goro abin da ba su sani ba, ƙarshe sai ga wani almajiri ya kawo mana wasiƙar wai ya tsinta. Kowa ya gane ceto ne aka yi mana kuma daɗin ya ragu. Wannan matsala sananniya ce a wajen masu jagorancin irin wasan nan, wani marubuci a harkar mai suna Justin Alexander ya yi rubutu a kanta tun 2008, shawararsa duk abin da kake so 'yan wasa su gano ka ajiye masa hujja uku a wurare daban-daban, don za su rasa ta farko su yi watsi da ta biyu. Wanda aka biya kuɗin kujera bai kamata ya bar dare guda ya mutu a kan jifa ɗaya ba.

Na biyu yawan mutane. Wasan nan da mutum huɗu ko biyar ya fi tafiya, shi kuma saboda 500 ɗin kowa yana karɓar har takwas, a labarin faɗa da dodo ana iya jurewa amma a labarin bincike inda magana ce komai, masu baki uku ne ke cinye daren, sauran suna danna waya. Akwai wata baiwar Allah da ta zo tana da kaifin tunani sosai, in ta buɗe baki sai an hau kanta, ta daina zuwa. Laifin Metir ne wannan, shi ke da ikon cewa ku dakata, Hajiya me mutuminki ke yi. Sai harshe, labarin da Hausa yake bayarwa yana surkawa da Fulatanci in Jakadiya ce ke magana, wannan daidai ne kowa na bi, amma takardun duk Faransanci ne, Alhajin nan da ya fi mu duka iya tambaya sai an karanta masa abin da ke takardarsa. Mutumin da ke da injin buga takarda a gabansa, fassara shafi biyu ba za ta gagare shi ba. Zafi kuma kun san Garwa a watan Maris da Afrilu, in wuta ta ɗauke fankar nan ta tsaya sai dai a fito da tebur waje a kunna fitilar waya, sauro ya samu nasa.

Masu tambaya ko caca ce, ba a sa kuɗi a kan dais, ba mai ci ba mai faɗuwa, kuɗin kujera na shayi ne da wahalar jagora. Batun sihiri da tambayar gawa kuma na san akwai wanda ransa ba zai so ba ko da a tatsuniya ne, mutum ɗaya ya faɗa a fili, Metir bai yi masa gardama ba ya ba shi ɗan leƙen asiri wanda ba ruwansa da sihiri, kuma shi ne ma ya gano ƙofar zauren ana iya saka sakatarta daga waje da zare. Yara ƙanana dai ban ba da shawarar a kawo su wannan labarin ba, akwai guba akwai gawa akwai cin amana.

In za ka zo ka zo da fensir da ɗan littafi don sunaye da muƙamai suna da yawa kuma Metir ba ya maimaitawa, wanda bai rubuta ba ya manta wa ya ce me. Kar ka shiga wannan labarin yanzu, mun kai kwana na biyar cikin bakwai, ba za ka kama zaren ba kuma za ka zama na tara a benci. Ya ce bayan an gama zai buɗe sabon tebur ranar Lahadi na mutum biyar kawai, wannan shi za ka nema, ka biya ta Orange Money ko hannu da hannu tun ranar Alhamis don kujerun ba sa kwana. Ka kuma yi magana da mai moton da zai ɗauke ka tun da wuri, bayan sha ɗaya layin nan ba kowa.