Hawan Dutsen Hafelekar: Abin da Ake Biya da Abin da Ake Samu

Bayan gaisuwa ga 'yan'uwa na gida, wannan karon bayanina a kan wata hidima ce da ake sayarwa a nan Innsbruck, babban birnin jihar Tirol ta ƙasar Ostiriya, wato a kai mutum ƙololuwar dutse tare da ɗan jagora. Birnin yana kan tsayin mita 574 daga teku, tsaunukan Nordkette kuma sun tokare shi ta arewa. Ƙololuwar da baƙi suka fi zuwa a cikinsu ita ce Hafelekar, mai tsayin mita 2,334.

Wanda ya ji wannan adadi zai zaci tafiyar yini guda ce, alhali kuwa inji ne ke yin kusan dukkan aikin. Daga tsakiyar gari ana shiga wani ƙaramin jirgin ƙasa mai hawan tudu zuwa Hungerburg, wanda Zaha Hadid, 'yar asalin Iraƙi, ta zana tashoshinsa aka buɗe su a 2007, daga nan kuma sai motar igiya, wato ɗan ɗaki mai tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe, wadda ke aiki tun 1928, ta ɗauki mutum zuwa Seegrube, wata kuma ta ƙarasa da shi tashar ƙarshe a mita 2,256. Abin da ya rage wa ƙafa bai fi tafiyar rubu'in awa ba. Tikitin zuwa da dawowa yana kusa da Yuro 50, kuɗin da ba zan juya muku shi zuwa Naira ba don kada hankalinku ya tashi, shi ya sa mazauna gari da yawa suka gwammace tikitin shekara.

To mene ne amfanin jagora a hanyar da take gajera, ga kuma alluna masu launin rawaya da ke nuna inda aka dosa da tsawon lokacin tafiya? Matar da ta jagorance mu ba ta gama amsa gaisuwa ba sai da ta bi ƙafafunmu da kallo, ta ce wa wani mai takalmin ofis ya jira mu a tasha, domin tsakuwar wurin tana zamewa. Ta tabbatar kowa yana da rigar sanyi duk da cewa a gari zafi ake yi, tunda kowace mita dubu da aka hau sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri shida. Ta kuma matsa mu sauko kafin la'asar, saboda a watannin zafi hadari yakan haɗu farat ɗaya da yamma, ƙololuwar dutse kuwa ba wurin tsayuwa ba ce idan ana tsawa.

A saman ne na ga inda kuɗin jagora yake shiga. Ta kudu ta nuna mana kogin Inn yana ratsa gari, da hasumiyar Bergisel da masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ke tsalle daga kanta, da hanyar Brenner da ta nufi Italiya; ta arewa kuma babu gida ko ɗaya, sai fararen duwatsun Karwendel jere bayan jere. Ta ce mafi yawan ruwan da muke sha a famfunan Innsbruck daga cikin wannan dutsen yake fitowa, ta maɓuɓɓugar Mühlau.

A ganina, ba dutse ne suka fi mu ba. Chappal Waddi da ke jihar Taraba yana da tsayin mita 2,419, ya ɗara Hafelekar, sai dai mai son hawansa yana buƙatar kwanaki da guzuri da 'yan dako. Matashin da zai raka ka Dutsen Dala ko Kufena ma yakan fi jagorar nan sakin fuska da daɗin labari, kuɗinsa kuma na ciniki ne. Bambancin yana wajen abin da ke bayan jagoran. A Tirol doka ba ta yarda mutum ya karɓi kuɗin jagoranci a dutse ba tare da lasisi ba, idan kuma wani ya karye, ana buga lamba 140, masu ceto na sa-kai su taso. Sai dai ceton ba kyauta ba ne, musamman idan jirgi mai saukar ungulu ya tashi, domin takardar kuɗin takan kai dubban Yuro, inshorar lafiya ta gwamnati kuma ba ta biyan mafi yawansa. Wannan ya sa mutane ke shiga ƙungiyar masu hawan dutse ta Alpenverein, wadda aka kafa a 1862, don kuɗin shekararta ya haɗa da inshorar ceto.

Abinci a can sama ya fi na gari tsada, kuma dole Musulmi ya tambaya kafin ya ci, domin curin burodin da suke sawa a miya sau da yawa da naman alade a ciki. Wainar ƙwai mai zaƙi da suke kira Kaiserschmarrn ita ce ta fi sauƙi, ita ma a tambaya ko an jiƙa zabibinta da giya.