Everything: manhajar neman fayil ga wanda binciken Windows ke tsallake masa folda

Fayil yana nan a faifan D, idonka ya gan shi jiya, amma ka rubuta sunansa a akwatin bincike na Start, Windows ya ce babu. Mutane da yawa daga nan sai su fara zargin bairos. Yawanci ba shi ba ne. Binciken Start ba ya zagaya faifai a lokacin da ka tambaye shi, wani kundi yake dubawa da ya riga ya tara, kuma abin da yake sakawa a kundin tun asali shi ne Desktop da Documents da Pictures da Music da makamantansu. Duk foldar da ka ƙirƙira a D, ko a saman C kai tsaye, tana wajen kundin.

Kafin a sauke wata manhaja, a fara gwada gyaran Windows ɗin kansa. A Windows 11 a shiga Settings, sai Privacy & security, sai Searching Windows (ko Search a sababbin sigogi), a sauya daga Classic zuwa Enhanced. Wannan zaɓin ya shigo ne da Windows 10 sigar 1903 a 2019, kuma yana sa a tattara kwamfutar gaba ɗaya. A ƙasan shafin akwai jerin foldojin da aka cire daga bincike, a duba ko taka tana ciki. Idan folda ɗaya kawai ake so, a buɗe Indexing Options, a danna Modify, a yi mata alama. Idan duk an yi haka ba ta fito ba, a duba Properties ɗinta, shafin Security, a tabbatar SYSTEM, wato asusun da Windows kansa ke aiki da shi, yana da izinin karanta ta. Foldar da aka kwaso daga tsohuwar kwamfuta kan zo da izinin da ya hana. Matakin ƙarshe shi ne a koma Indexing Options, a danna Advanced, sai Rebuild, wato a sake gina kundin. Wannan kan ci awoyi, kuma Windows yana jan ƙafa da aikin idan ana amfani da kwamfutar ko tana kan batiri, don haka a bari sai an kawo wuta a jona ta a ƙyale ta.

Inda wannan gyaran ya gaza, nan Everything ta kamfanin voidtools take shigowa. Kyauta ce, David Carpenter ne ya rubuta ta, kuma akwai sigar da ba sai an girka ba. Sirrin saurinta shi ne ba ta bin folda ɗaya bayan ɗaya. Kowane faifai mai tsarin NTFS, wato tsarin da Windows ya saba ajiye fayiloli da shi, yana da babban jadawalin da ake kira MFT, inda sunan kowane fayil yake, to shi take karantawa kai tsaye. Bayan haka sai ta riƙa bin rajistar sauye-sauye ta USN, shi ya sa fayil ɗin da ka sauya wa suna yanzu yake bayyana da sabon sunansa nan take. A wani lissafin da masu manhajar suka taɓa bayarwa, sabon Windows 10 mai fayil kusan 120,000 yana ɗaukar kamar daƙiƙa 1, fayil 1,000,000 kuma kamar minti 1 da RAM wajen MB 75. Ko tsohuwar laftof mai RAM 4GB ba za ta ji nauyinta ba. Tun kana kan harafi na uku na sunan, jerin ya riga ya ragu zuwa abin da kake nema.

Sai dai ita ma tana tsallake folda, kuma dalilanta daban ne da na Windows.

Babban dalili shi ne tsarin faifai. Filashi da katin memori da wasu faifan waje galibi FAT32 ne ko exFAT, ba su da MFT, don haka Everything siga ta 1.4 ba ta ɗauke su da kanta. Haka ma foldar da aka raba ta netwok daga wata kwamfutar ofis. Maganin shi ne a cikin Everything a shiga Tools, Options, Indexes, Folders, a danna Add a zaɓi wurin. A wannan shafin a kunna bin sauye-sauye, a kuma sa lokacin da za ta riƙa sake dubawa. A nan ake yawan yin kuskure: a zaɓi tsakar dare, lokacin da kwamfutar ke kashe, sai a yi ta mamakin me ya sa sababbin takardu ba sa fitowa. A sa lokacin aiki. A sani kuma wannan hanyar ba ta kai ta NTFS sauri ba, domin a nan dole ta bi folda-folda kamar kowa. Ga filashi akwai ƙarin matsala: yau ya shiga a matsayin E, gobe F, kundin kuma yana riƙe da tsohon harafin. A kafa masa harafi ɗaya a Disk Management na Windows.

Idan faifan NTFS ne amma babu komai nasa, ko tagar ta fito fayau ba ko fayil ɗaya, izini ne. Karanta MFT sai da ikon mai kula da kwamfuta. A shiga Options, General, a yi wa Everything Service alama, ya fi a riƙa buɗe ta a matsayin administrator kullum. Sannan a shafin NTFS a zaɓi faifan a tabbatar Include in database da Monitor changes suna kunne. Shafin Exclude ma a leƙa shi, ko an taɓa cire ɓoyayyun fayiloli an manta. Idan an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu ba shiri, kundin kuma ya fara nuna fayilolin da babu su, Force Rebuild da ke shafin Indexes yana gama aikin kafin shayi ya huce.

Wani lokacin ma kundin lafiyarsa ƙalau, hannu ne ya taɓa wani abu a menu na Search: Match Case, ko Match Whole Word, ko matatar Audio da aka bari a kunne maimakon matatar Everything mai nuna komai. Ƙasan tagar yana nuna abin da ke kunne. Mai sa wa fayil suna da Hausa kuma kada ya dogara cewa k zai kamo ƙ. Ya rubuta ƙasa|kasa, sandar tsakiyar tana nufin wannan ko wancan. Rubuta ext:pdf yana ware takardun PDF, dm:today yana kawo abin da aka sauya yau, size:>500mb kuma yana tono manyan bidiyon da suka cinye faifai.

Raunin da ya kamata a sani tun farko: suna take nema, ba abin da ke cikin takarda ba. Akwai umarnin content: amma yana buɗe fayiloli ɗaya-ɗaya, sai an haɗa shi da ext:docx da sunan folda kafin ya yi amfani. Wanda ya manta sunan wasiƙa amma ya tuna wata jimla a cikinta, binciken Windows ya fi masa, don haka kada a kashe shi.

Abu na biyu ya shafi kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, kamar ta shagon buga takardu ko ta ofis. Idan Everything Service na kunne, tana nuna sunayen fayilolin kowa, har na asusun da ba naka ba. Ba za ka iya buɗe su ba, amma suna kaɗai kan tona abu. A irin wannan kwamfutar a sa foldojin sauran masu asusu da ke C:\Users a shafin Exclude tun ranar girkawa, a kuma bar HTTP Server da ETP/FTP Server, waɗanda ke ba wasu kwamfutoci damar leƙa kundin ta netwok, a kashe yadda suka zo.